Kumburin hanta, kunnuwan sojojin jiki, da inda sankara ke samun gurbi

"Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Gusau, ina koyar da ilimin halittu a sakandare. Wata huɗu ke nan da aka auna yayana aka ce yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Likitan da ya duba shi ya ce ba ƙwayar cutar ce ke cin hantar ba, garkuwar jikinsa ce ke kumbura ta, kuma kumburin da ya daɗe yana iya komawa sankara. Abin ya ɗaure min kai, domin abin da nake koya wa ɗalibai shi ne garkuwar jiki kare mutum take yi. Ga shi a gida an rabu biyu: wasu na cewa a saya masa maganin ƙara garkuwar jiki, wasu na cewa a ba shi maganin kumburi. Ta yaya sojojin jiki ke gane abin da za su yaƙa, kuma ta ina kumburi ya haɗu da sankara?"

Wa alaikumus salam Malama. Allah Ya ba yayanki lafiya, Ya sa kaffara ce. Abin da kike koya wa ɗalibanki gaskiya ne, abin da likitan ya faɗa ma gaskiya ne, kuma su biyun a wuri ɗaya suka haɗu: a bayan fatar ƙwayoyin garkuwar jiki, inda waɗansu ƙananan sunadarai ke tsaye suna sauraro. Masana na kiran su risefta, wato makarɓan saƙo. Ni idan ina yi wa ɗalibai bayani kunnuwa nake ce musu, kuma haka zan kira su a nan. Tambayarki, in na fahimce ta, ita ce: me kunnuwan nan ke ji, me ke faruwa idan abin da suke ji ya ƙi ƙarewa, kuma a cikin shawarwari biyun da ake ja-in-ja a kansu a gidanku wacce ce daidai. Aikina duba naman da aka yanko daga jikin marasa lafiya ne a madubin likita, don haka daga can zan riƙa ɗauko misali.

Kunnuwan da ke jin ɓarawo

Farar ƙwayar jini ba ta da ido. Abin da take da shi shi ne sunadarai a jikinta, kowanne da siffar da wani abu guda ne kaɗai ke shiga cikinta daidai, kamar kwado da makullinsa. Kashi na farko na waɗannan kunnuwa da su aka haife mu, ba koyo suka yi ba. Suna gane alamun da ƙwayoyin cuta ba za su iya rabuwa da su ba: wani maiƙo da ke bangon bakteriya, bulalar da wasu bakteriya ke iyo da ita, ko irin zaren gado da bairos ke ɗauke da shi. Mafi shahara a cikinsu dangin TLR ne, kuma ɗan Adam yana da guda 10. A jikin ƙudan 'ya'yan itace aka fara kama zaren labarinsu. A 1996 Jules Hoffmann da abokan aikinsa a Faransa suka nuna cewa ƙudan da aka lalata wa wannan kunne, funfuna ce ke cinye shi. A 1998 Bruce Beutler a Amurka ya gano cewa TLR4 ne kunnen da ke jin maiƙon bangon bakteriya a jikin ɓeraye. Su biyun sun samu kyautar Nobel a 2011.

Da zarar kunnen ya ji, saƙo zai gangara cikin ƙwayar ya kunna wani makunni da ake kira NF-kB, ita kuma ta fara fesa sinadaran kiran ɗauki, irin su TNF da IL-1 da IL-6. Jijiyoyin jini su buɗe, ruwa da sojoji su kwararo. Wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tashi, ya yi ciwo. Kumburi ke nan, kuma wanda maruru ya taɓa fito masa ya san shi ciki da bai. Irin wannan kumburin rahama ne. Kwana kaɗan ya ci ƙwayar cutar, ya share wurin, ya ba da umarnin gyara, ya kwanta.

Amma ga wani abu da littattafan sakandare ba su cika faɗa ba. Kunnuwan nan ba baƙo kaɗai suke ji ba. Idan ƙwayar jikin mutum ta mutu mutuwar fashewa, kayan cikinta suka zube waje, suna jin wannan ma, kuma suna kiran ɗauki kamar an ga ɓarawo. To ki duba: kumburi ya kashe ƙwayoyi, gawarsu ta sake ta da kumburi, shi kuma ya sake kashe wasu. Idan ba a cire abin da ya fara ta da ƙurar ba, haka za a yi ta zagaye shekara da shekaru.

Kashi na biyu su ne kunnuwan ƙwayoyin T, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini. Su koyo suke yi, kowace ƙwaya da nata kunne na daban, kuma aikinsu bin ƙwayoyin jiki ɗaya bayan ɗaya suna duba abin da kowacce ta baje a ƙofarta. Wadda ta baje guntun bairos, ko guntun sunadarin da sankara ta gurɓata, sai su kashe ta. Tunda makami ne mai haɗari, Allah Ya haɗa su da birki: wasu kunnuwan da idan aka taɓa su ƙwayar T za ta sassauta. Biyu daga ciki su ne CTLA-4 da PD-1. Ki riƙe sunansu, za mu dawo kansu.

Abin da ke faruwa a hantar yayanki

Bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, a mafi yawan lokaci, ba ya fasa ƙwayar hantar da ya shiga. Zama yake yi a ciki yana hayayyafa. Sojojin jiki ne ke zuwa su kashe ƙwayar don su kashe shi. Idan babba ne ya kamu, sojojin kan yi nasara, fiye da kashi 95 cikin 100 suna rabuwa da cutar. Idan kuwa jariri ne ya kamu wajen haihuwa, kusan 9 cikin 10 da ita za su girma, domin garkuwarsu ba ta ɗauki abin da zafi ba tun farko. Yawancin masu ɗauke da ita a ƙasarmu tun suna ƙanana suka samu, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna da ita. Saboda haka kada kowa ya kalli yayanki da wani zargi.

A jikin irin waɗannan mutane yaƙin ba ya ƙarewa. Sojojin ba su da ƙarfin korar bairos ɗin, kuma ba su haƙura sun bar shi ba. Ƙwayoyin T da suka daɗe suna fama sai birkin PD-1 ya yi musu yawa, su zama gajiyayyu, yayin da sauran sojojin da ba su iya saiti ba suke ta harbi kan mai uwa da wabi. Idan aka kawo min ɗan siririn naman hanta, wanda bai wuce tsinken ashana ba, na rina shi na sa a madubi, ga abin da nake gani: ƙwayoyin hanta ruwan hoda a jere kamar tubali, sai kuma a bakin magudanan jini ga ɗigo-ɗigo shuɗaye sun yi cincirindo kamar tururuwa a kan sukari, suna kutsawa cikin jeren suna cin gefensa. A wanda ya daɗe, sai in ga zaren tabo ya miƙe daga wannan magudana zuwa waccan, ya kekketa hantar gida-gida.

Daga nan sankara ke shigowa, ta ƙofa uku da ke buɗe a lokaci guda. Sojojin suna yaƙi ne da sinadarai masu ƙuna, kuma ƙunar ba ta bambance bairos da kundin gadon ƙwayar da ke maƙwabtaka, wato DNA ɗin da ke ɗauke da umarnin aikinta, sai ta yi masa ɓaraka. Hanta kuma gaɓa ce mai maye gurbin abin da ta rasa, don haka ƙwayoyin da suka rage sai su yi ta rabuwa, kowace rabuwa kuma kwafar kundin nan ce daga farko har ƙarshe. Marubucin da aka tilasta wa kwafar littafi sau dubu, cikin gaggawa, hayaƙi na shiga idonsa, ba makawa zai yi tuntuɓen alƙalami. Ƙofa ta uku ita ce ta fi ba ni mamaki. Ƙwayar da kundinta ya lalace tana da umarnin kashe kanta, amma saƙonnin kumburin nan, musamman IL-6 da makunnin NF-kB, suna gaya mata kada ta mutu, ana bukatar ta wajen gyara. Su ne kuma ke kiran sababbin jijiyoyin jini zuwa wurin. Wato umarnin da ke warkar da rauni shi ne ke shayar da ƙari. Tun 1863 Rudolf Virchow a Jamus ya lura da fararen ƙwayoyin jini a cikin naman sankara, a 1986 kuma Harold Dvorak ya kira ƙari raunin da ba ya warkewa.

Hanta tana da wani ƙarin nauyi. Duk jinin da ya taso daga hanji ta cikinta yake bi, ɗauke da ɓurɓushin bakteriyar hanji. A lafiyayyen mutum ƙwayoyin da ke gadin hanta suna share shi ba hayaniya. Idan hanta ta yi rauni, ko giya ta sa hanji yoyo, ɓurɓushin ya yi yawa, TLR4 ya yi ta ji, tabo ya yi ta ƙaruwa. Gwaji a ɓeraye ya nuna cewa toshe wannan hanyar na rage girman sankarar hanta. Wani gwajin na 2007, shi ma a ɓeraye, ya nuna sinadarin mata na istirojin yana danne IL-6 a hanta, kuma ana ganin wannan na cikin dalilan da suka sa sankarar hanta ta fi kama maza ninki biyu zuwa uku. Sai dai ɓera ba mutum ba ne, haske kawai yake ba mu.

Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Shi kansa bairos ɗin yana cusa guntun kundinsa cikin na ƙwayar hanta, shi ya sa wani ke samun sankarar tun tabo bai kai hantarsa ga ƙanƙancewa ba. Sannan ga gubar afulatoksin da funfuna ke zubawa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Ita kai tsaye take lalata wani mai gadin kundin gado da ake kira p53, kuma idan ta haɗu da bairos ɗin a hanta ɗaya haɗarin ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kawai ba.

Ba hanta kaɗai ke wannan ba. Na taɓa duba naman mafitsarar wani dattijo manomin rani, wanda ya ce tun yana yaro yake fitsarin jini, har ana yi masa kallon alamar balaga ce. A madubi ga ƙwayayen tsutsar tsargiya nan birjik a bangon mafitsarar, kowanne da ɗan tsininsa a ƙarshe, wasu sun daskare sun zama kamar tsakuwa, sojoji sun yi musu zobe. Shekara arba'in suna kewaye da abin da ba za su iya haɗiyewa ba. A gefe guda kuma ga sankara ta tsiro. Haka bakteriyar da ke kawo gyambon ciki take yi wa tumbi, kuma ita da tsargiyar mafitsara duk a 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sa su cikin tabbatattun masu jawo ta.

Idan aka juya kunnuwan kan sankara

Da labarin a nan ya tsaya, da sai mu ce garkuwar jiki abokiyar gaba ce. Amma wanda garkuwarsa ta faɗi, kamar mai ƙanjamau da bai samu magani ba ko wanda aka yi wa dashen ƙoda, wasu nau'o'in sankara sun fi kama shi. Ƙwayoyin T kullum suna tsince gurɓatattun ƙwayoyi tun ba su zama komai ba. Ƙarin da ya girma har aka gan shi, wanda ya koyi dabarar kuɓuta ne, kuma babbar dabararsa ita ce ya fitar da wani sunadari, PD-L1, da ke taka birkin PD-1 na duk sojan da ya matso.

A 1891 wani likitan fiɗa a Amurka, William Coley, ya fara yi wa masu sankara allurar bakteriya da gangan, bayan ya lura da wani da ƙarinsa ya narke sakamakon zazzaɓin ciwon fata. Wasu sun warke, wasu cutar da ya sa musu ce ta kashe su, kuma bai san dalilin ko ɗaya ba. Yau mun san kunnuwan farko ya tayar. Jikar wannan dabara tana nan har gobe: allurar BCG ta rigakafin tarin fuka, wadda ta bar mana tabo a dantse muna jarirai, tun 1976 ake ɗura ta cikin mafitsara don hana sankarar da ba ta yi zurfi ba dawowa. Kumburi ne ake tayarwa da gangan, mai zafi, gajere, a wuri ɗaya.

Tasuku Honjo a Jafan ya gano PD-1 a 1992. James Allison a Amurka ya nuna a 1996 cewa idan aka toshe birkin CTLA-4, ɓeraye na narkar da ƙarinsu. Maganin farko na wannan hanya ya fito a 2011, masu toshe PD-1 suka biyo baya a 2014, su biyun kuma suka raba Nobel a 2018. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka da mutanen karkararmu suka sani ta yaƙi da kurkunu, a 2015 aka same shi da sankarar fata da ta kai ƙwaƙwalwa. Bayan fiɗa da gasa ƙarin da haske aka sa shi kan irin wannan magani, ya rayu har ya cika shekara 100.

Kada labarin Carter ya ruɗe mu. A yawancin nau'o'in sankara tsiraru ne maganin ke yi wa aiki sosai. A sankarar hanta, haɗin magungunan da aka amince da shi a 2020 ƙasa da mutum ɗaya cikin uku ne ƙarinsu ke raguwa a fili. Kuma wanda ya cire wa soja birki ya shirya ganin ɓarna: hanji ya kumbura, huhu ya kumbura, hantar ma ta kumbura, har sai an koma an danne garkuwar. Kuɗinsa kuwa ba na talaka ba ne. Ta ɗaya ɓangaren, wani babban gwaji na 2017 a kan masu ciwon zuciya kusan 10,000 ya nuna waɗanda aka toshe wa IL-1 sun fi ƙarancin sankarar huhu, aka yi ta murna, amma da aka gwada maganin a kan masu sankarar huhun bai taɓuka abin kirki ba. Kunne ɗaya kan taimaki ƙari a wannan mataki ya yaƙe shi a wancan. TNF ma da aka raɗa wa suna mai kashe ƙari a 1975, daga baya an ga ɓerayen da ba su da shi sun fi wuyar kamuwa da sankarar fata.

Shawarwari biyun gidanku

A ganina duka biyun sun kauce hanya, domin kowanne ya ɗauka garkuwar jiki abu ɗaya ce da ake ƙarawa ko a rage, kamar gishiri a miya. Gorar da aka rubuta wa "mai ƙara garkuwar jiki" ba ta gaya miki wane kunne za ta taɓa ba. In ba ta yin komai, an yi asarar kuɗi. In kuwa tana yi, a hantar da sojoji ke ci, wa ya ce ƙarin wuta ake nema? Ga shi duk abin da aka sha hanta ce ke tace shi, kuma na sha ganin naman hantar da jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba suka ƙone.

Maganin kumburin kemis ya fi ba ni tsoro. Dangin ibufurofen da dikulofenak ba sa taɓa wannan kumburin, kuma ga mai ƙanƙancewar hanta suna iya jawo aman jini da matsalar ƙoda. Dangin firedinisolon da dekisametason, har da ƙwayoyin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe, su suna danne sojojin da gaske. Bairos ya samu fili ya hayayyafa, ranar da aka daina sha sojojin su farka su tarar da hanta cike da abokan gaba, su afka mata gaba ɗaya. Mutane sun mutu ta haka. Duk likitan da zai rubuta wa yayanki magani, ko na wace cuta ne, a gaya masa yana ɗauke da wannan bairos.

Hanyar da ta tabbata ita ce a rage abin da kunnuwan ke ji. Tenofobir ko entekabir, ƙwaya ɗaya a rana, suna hana bairos ɗin hayayyafa. Idan ya yi ƙasa sojojin su lafa da kansu, tabon ma a mutane da yawa yakan ragu cikin shekaru. Haɗarin sankara yana sauka ƙwarai, amma bai zama sifili ba, don haka hoton ciki duk wata 6 yana nan daram ga wanda likita ya ga yana cikin haɗari, galibi tare da gwajin jini na AFP, wani sunadari da kan ƙaru idan akwai sankarar hanta. Ba kowane mai ɗauke da bairos ɗin ne ake sa wa magani nan take ba. Ana duba yawansa a jini, da sinadarin ALT mai nuna raunin hanta, da yanayin tabo, da shekaru, da ko an taɓa yin sankarar hanta a dangi. Ni ban ga yayanki ba, ban ga sakamakonsa ba, wannan hukunci na likitan da ke riƙe da katinsa ne. In an fara maganin kuma ba a dakatarwa don an ji sauƙi.

A gida, a tsince gyaɗar da ta yi baƙi, ta motse ko take ɗaci a zubar, kada a ce a niƙa ta a yi ƙuli-ƙuli, domin suya ba ta kashe gubar. Hatsi ya bushe ƙayau kafin ya shiga buhu. Sannan a auna matarsa da 'ya'yansa, da ku da kuka fito ciki ɗaya da shi, har da mahaifiyarku in tana raye. Wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi. Taiwan ta fara yi wa jarirai wannan allura a 1984, kafin 1997 an ga sankarar hanta a yara ta ragu a fili, Najeriya kuma ta sa ta cikin rigakafin yara a 2004. In akwai mai juna biyu a gidan a auna ta tun yanzu, kuma ko a gida ta haihu, a kai jaririn a yi masa allurar farko kafin ya cika awa 24, kada a jira suna.